An sa wa 504 sababbin kalifa, birki ya ƙara lalacewa

Ɗan Gado: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawarar manya nake nema a kan kalifar gaba ta Peugeot 504 salun, haɗin Kaduna. Kalifa dai ita ce ƙarfen da ke matse fad, wato takalmin birki, a jikin faifai. Motar mahaifinmu ce, Allah ya ji ƙansa, ta daɗe a rumfa kafin in tashe ta bara. Kwanan baya tayar gaba ta hagu ta fara riƙewa, in na ɗan yi tafiya sai wilin ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa. Bakanikena ya ce kalifa ta ci, a sayo wata. Na sayo biyu sababbi fil a kwali aka ɗaura. To yanzu in na taka birki sai ya tafi kusan ƙasa, sai na yi famfo sannan ya kama. An yi ta bilidin, wato cire iska, man birki ya ƙare an ƙaro, babu canji. Hagun ɗin kuma har yanzu tana zafi. Yanzu ya dawo ya ce wai masta ce, wato famfon da ke tura man birki. Kafin in sake zuba kuɗi, don Allah me kuka gani?

Oga Sufana: Wa alaikumussalam. Kada ka sayi masta tukuna. Ka karya sitiyari gefe, ka ɗauko mana hoton kalifar ta ciki, hagu da dama. Nifil ɗin da ake cire iska nake so in gani.

Ɗan Zamani: Yaya, gaskiya ɗaya ce, kayan motar nan sun ƙare a duniya. Ka nemi kalifar wata motar Japan, mai walda ya yi maka biraket a ɗaura, ka huta.

Baba Kakuri: Yaro, a bar maganar walda a wajen birki. Zan dawo kanka. Ɗan Gado, Allah ya ji ƙan mahaifinku. Tambaya biyu gare ni. Kafin a canza kalifar, birkin yana tafiya ƙasa haka? Sannan tsofaffin da aka cire suna ina?

Ɗan Gado: Amin Baba, na gode. A'a, da birkin a sama yake, da na ɗora ƙafa yake kamawa, riƙewar hagun ce kawai matsalar. Tsofaffin kuma a gareji na baro su. Oga ga hotunan nan na turo.

Oga Sufana: Abin da na yi zato ne. Dubi nifil ɗinka, a ƙasa yake, duka ɓangarorin biyu. An sa ta hagu a dama, ta dama a hagu. Noti zai shiga, tiyo zai ɗauru, ido ba zai ga komai ba, amma iska sama take taruwa a cikin kalifa, ƙofar fitarta kuma tana ƙasa. Ko jarka guda ta mai za a zuba, man ne zai riƙa fita tas yana barin iskar a sama. Shi ya sa sai ka yi famfo. Mastarka lafiyarta ƙalau, tunda ranar da aka taɓa kalifa ciwon ya fara. A sauya musu wuri a sake bilidin, a fara daga tayar da ta fi nisa da masta a ƙare a wadda ta fi kusa. In ka duba jikinsu da kyau wataƙila ma ka ga harafin da ke nuna hagu da dama, wasu L da R, na Faransa kuma G da D.

Baba Kakuri: Haka yake. Kuma ka buga wa garejin waya yanzun nan, ba gobe ba, su ajiye maka tsofaffin. 'Yan gwangwan ba sa kwana. Ƙarfen da ka baro a ƙasa ya fi wanda ka biya kuɗi ka ɗaura.

Mai Shago: Baba da girmanka, an fara ke nan. Yaron gareji ya juya kaya baibai, amma laifin zai dawo kan kayan kasuwa. Ku dai ku faɗi gaskiya, rabin abin da ake dawo mana da shi a ce ba shi da kyau, hannun mai ɗaurawa ne ya ɓata shi.

Baba Kakuri: Ban musa ba Alhaji. Rabin na masu ɗaurawa ne. Ɗaya rabin ne za mu yi magana a kai in an jima.

Ɗan Gado: An sauya musu wuri, an yi bilidin. Alhamdu lillahi birki ya dawo sama, Oga Allah ya saka da alheri. Tsofaffin ma na same su, har an jefa su cikin buhun ƙarafa. Sai dai hagu tana nan tana riƙewa kamar da. Na zagaya unguwa na dawo, wilin dama da ɗan ɗumi kawai, na hagu kuwa har ƙauri yake.

Oga Sufana: To ka ga abin lura. Kalifar da ke hagu yanzu ita ce jiya take dama, kuma a can ba ta riƙe ba. Tsohuwa ta riƙe a hagu, sabuwa ta farko ta riƙe a hagu, ta biyu ma ta riƙe a hagu. Ashe ciwon ba a kalifa yake ba, a hagun yake. Ga gwajin da za ka yi, ba ya cin ko sisi. A ɗaga tayar a jak, ka taka birki da ƙarfi ka saki, a gwada juya tayar da hannu. In ta ƙi, a sassauta nifil kaɗan. Idan mai ya yi tsartuwa tayar ta saki nan take, to matsi ne ya maƙale a baya, tiyon roba ne. Idan an buɗe nifil tana nan a riƙe, sannan ne za a zargi fistan ko fil ɗin da kalifar ke zamewa a kai.

Injiniya a Jamus: Bari in ɗan ƙara a kan maganar Oga. Tiyon birki yana da rufi hawa-hawa. In ya tsufa, na cikin yana kumbura ko ya ɓare ya toshe hanya, alhali ta waje ba ka ganin ko tsaga. Lokacin da ka taka, ƙarfin masta yana da yawa, mai zai kutsa ya wuce. Amma in ka saki babu wani abu mai ƙarfi da ke turo man baya. A birkin faifai babu sifirin mai mayar da fistan. Robar sil ɗin nan mai kusurwa huɗu ce take ɗan lanƙwasawa in fistan ya fita, in an saki ta miƙe ta ja shi baya ɗan kaɗan, abin da bai kai kaurin farce ba. Wannan ɗan ƙarfin ba zai iya tura mai ta cikin toshasshen tiyo ba. Motar da ta yi shekaru a ajiye, tiyo ne farkon abin da nake zargi.

Ɗan Gado: Wallahi kamar kuna wurin. Ana buɗe nifil mai ya feso, tayar ta juya sakayau. Ke nan tun farko tiyo ne? Kalifar mahaifina ba ta yi komai ba?

Oga Sufana: Mai yiwuwa. Sai an buɗe ta za a sani, don zafin da ta sha ma yana iya gasa robarta. Tiyon kuma kada ka canza ɗaya, tare suka tsufa. Ka canza na gaba biyu da na baya. A lura wajen ɗaurawa kada ya murɗe, akwai layi a jikinsa da ke nuna maka, sannan a karya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a ga bai miƙe tsam ba kuma ba ya gogar taya.

Mai Shago: To Baba, ina ɗaya rabin? Kayan kasuwa sun fita, tiyon 1980 da wani abu ne mai laifi.

Baba Kakuri: Kada ka yi saurin murna Alhaji. Ɗan Gado, tunda tsohuwa da sabuwa duk suna hannunka, in an sauke don sa tiyo ka ajiye su gefe da gefe a kan benci. Ka ɗaga kowacce ka ji nauyinta. Ka dubi jikin zubin, akwai suna da lamba ko babu. Ka zura fad a kowacce ka girgiza. Ka sa a auna faɗin fistan da abin awo na masu juyin ƙarfe, ba da ido ba. Ka dawo ka gaya mana.

Dalilina shi ne 504 ba kalifa iri ɗaya ta fito da ita ba. Motar da aka fara a 1968, Faransa ta daina yin salun ɗinta a 1983, mu nan Kaduna aka ci gaba da haɗa ta sama da shekara ashirin bayan haka. A tsawon wannan zamani akwai mai kalifar kamfanin Girling akwai mai ta Bendix, fad ɗinsu daban, kit ɗin robobin gyaransu daban. Ga wagon, ga a-kori-kura, ga 505 da ta zo a 1979 wadda kayanta ke kama da na 504 har mutum ya ruɗe. To mai zuba na yanzu, wanda ko sunansa ba ya sa wa a kwali, sai ya yi guda ɗaya ya rubuta 504/505 ya ce ta shiga duka. Shiga kam za ta shiga. Zama daidai ne abin tambaya.

Ɗan Zamani: Baba ai shi ya sa na ce a koma na Japan. Ko banza kayansu na nan birjik a ko'ina.

Baba Kakuri: Na ce zan dawo kanka, ga ni. Kunnen da kalifa ke ɗaure a kai, duk lokacin da aka taka birki shi ke riƙe nauyin mota da gudunta. In ka yi masa walda, zafi ya canza ƙarfen, ba ranar zai karye ba, sai ranar da ka taka da dukkan ƙarfinka saboda yaro ya fito titi. Na biyu, wilin 504 inci 14 ne, ba kowace kalifa ke samun wuri a ciki ba, sai ka ga an ɗauko giranda ana zaftare bayanta. Na uku, fistan ɗin da masta tare aka lissafa su. Injiniya ya fi ni iya bayanin wannan.

Injiniya a Jamus: Lissafin ba wuya Baba. Ƙarfin da kalifa ke matse faifai da shi ya danganta da faɗin fuskar fistan, ita kuma fuska ba ta tafiya daidai da awon da ka gani, ninkawa take. Ɗauki misali fistan mai milimita 54 da mai 48. A ido bambancin 6 ne kawai. Amma 54 sau 54 ya ba ka 2916, 48 sau 48 ya ba ka 2304. Ƙaramin ya yi asarar kusan kashi 21 cikin 100 na ƙarfin matsa. In duka biyun ƙanana ne, gaba ta yi rauni, baya ta riga ta kamawa, a kan jiƙaƙƙen titi mota ta juya da kai. In ɗaya ce ƙarama, mota ta riƙa fizga gefe. In kuma ka sa manya fiye da kima, masta ba ta da isasshen man da za ta cika su, birki ya yi nisa. Ana yin irin wannan canjin a nan, amma da biraket da aka yanka daga ƙarfe guda, kuma sai masu duba lafiyar mota sun amince an rubuta a takarda kafin ta hau titi.

Direban Jos: Ku bar yaro, bai taɓa gangaro Hawan Kibo da wagon cike da mutum da buhunan dankali a sama ba. Mu da muka yi lodi da 504 a tasha mun san birkin da ke riƙewa shi ne mafi sharri. A gari ba ka jin komai sai ƙauri. A gangara zafin ya taru, man ya tafasa, ka taka ka ji wayam har ƙasa. In ka tsaya ya huce sai ya dawo kamar ba abin da ya faru, bakanike ya duba ya ce maka lafiya lau. Kuma mu faɗi laifinmu mu direbobi, da yawa in mai ya tsiyaye a hanya ruwan sabulu ake ɗurawa a ƙarasa gari, daga nan a manta da shi a ciki. Duk kalifar da ka buɗe ka ga fistan ya yi ramuka, ka tambayi tarihinta.

Injiniya a Jamus: Ko ba a zuba ruwa da hannu ba, man birki da kansa yake shan danshi daga iska. Mai lambar DOT 4 sabo, ƙa'idarsa kada ya tafasa ƙasa da digiri 230. In ya sha ruwa, ƙa'idar ta sauko 155. DOT 3 kuma 205 ne, ya sauko 140. Shi ya sa ake cewa a juye shi duk shekara biyu, kuma a daina sayen na tsiyaye a buɗaɗɗiyar kwalba. DOT 3 da DOT 4 suna haɗuwa. DOT 5 kuwa silikon ne, ba a gauraya shi da su, kada lambar ta ruɗi mutum ya ɗauka gaba yake da 4.

Ɗan Gado: Baba na yi abin da ka ce. Tsohuwar akwai Bendix a jikinta da lambobi, sabuwar babu komai sai fenti mai ƙyalli. A hannu tsohuwar ta fi nauyi sosai. Faɗin fistan mai juyi ya ce ɗaya ne, wannan kam alhamdu lillahi. Amma fad a cikin sabuwar yana rawa, in ka girgiza har ƙara yake, a tsohuwar kuwa zama yake daram. Sannan ga wani abu, fad ɗin da aka sa shekaranjiya, na lura gefensa na sama bai taɓa faifai ba, akwai ɗan siririn layi da ya rage bai goge ba. Ɗaya nifil ɗin kuma yana jiƙewa ko an ɗaure.

Baba Kakuri: Alhaji Mai Shago, ga rabin naka ya iso. Layin nan da bai goge ba yana nufin ramukan noti ba a inda ya kamata aka huda su ba, kalifar ta hau sama, fad ya leƙo waje da bakin faifai. Yau siririn layi ne. In fad ya ci, wannan wurin da ba ya gogewa zai zama tudu a kowane ɓangare, ranar da tudun biyu suka haɗu a saman faifai, fad zai matse ɗan'uwansa ya bar faifan. Ka taka birki da tauri kamar dutse, mota tana tafiya. Nifil mai jiƙewa kuma mazauninsa ne ba a gyara da kyau ba. Yaro zai ƙara ɗaurewa, zaren ya tsinke, shi ke nan. Wannan ba hannun bakanike ba ne.

Mai Shago: Na karɓa Baba, wannan kam ba ta da kyau, kuma in a wurina aka saya zan karɓe ta. Amma bari in faɗi namu. Kaya hawa uku ne a kasuwa. Akwai mai suna, akwai mai dama-dama, akwai na farin kwali. Mutum zai zo in ɗora masa ukun a kan kanta in gaya masa gaskiyar kowanne, ya ce a ba shi na ƙasan, wai ai tsohuwar mota ce. Wani ma bakaniken ne zai karɓi kuɗin mai suna a hannun mai mota ya zo ya sayi farin kwali. Mai suna na 504 kuma in ka ajiye shi sai ya shekara bai fita ba, kuɗinka na kwance. Araha ba ta ado, kowa ya sani, amma ita ake tambaya. Kuma ba duk sabuwa ce banza ba. Akwai waɗanda na sayar shekaru suna kan mota har yau.

Oga Sufana: Nan na goyi bayan Alhaji. Baba kullum maganarka a gyara tsohuwa, to kit ɗin fa? Shi ma jabunsa ya fi na kirkin yawa. Na sha sa sil sabo, wata bai cika ba ya fara zuba. Wanda ake ce wa tsohon ajiya na asali ma, robar da ta yi shekara talatin a shago cikin zafin Kano ta bushe, kana lanƙwasa ta za ka ga tana tsagewa. Mai mota kuma ba ruwansa, ni zai dawo wa. Shi ya sa wani lokaci na fi son in sa sabuwa mai suna ko 'yar Kwatano mai kyau in huta.

Baba Kakuri: 'Yar Kwatano ai ita ma tsohuwa ce, sai an buɗe ta. Ta fito daga ƙasar da ake zuba gishiri a titi lokacin sanyi, ta kwana a yadi ruwa na dukanta. Na yarda kit na kirki sai an tona. Amma gara in sha wahalar neman roba ɗaya mai kyau da in amince wa ƙarfen da ban san wanda ya zuba shi ba. Jikin kalifa ba ya ƙarewa in ba tsagewa ya yi ko zare ya lalace ba.

Kuma yawancin kit da ke zuba, aikin ne ba a yi daidai ba. Ga yadda muka koya. Fistan da iska ake fitar da shi, a sa katako a gabansa, a janye yatsu, don fitowa yake kamar harsashi. Ba a kama shi da filaya. In ya fito, shi za ka fara dubawa, saboda sil a cikin kwarmin jikin kalifa yake zaune, a kan fistan yake gogawa. Ramin kalifa in ya ɗan yi tsatsa a baki ana gogewa a wuce. Amma fistan in farcenka ya maƙale a rami ko fatarsa mai ƙyalli ta ɓare, ya gama aiki, samfefa ba ta gyara shi, ƙara rage shi take. Sai kwarmin sil, wurin da kowa ke tsallakewa. Tsatsa da busasshen mai suna taruwa a ƙasansa su ɗaga sil ya shaƙe fistan. A kankare shi tas har kusurwa, a hankali kada a yi masa rauni. A shafa wa sil man birki, a zaunar da shi kada ya murɗe, a tura fistan a miƙe da yatsu biyu. In sai da guduma zai shiga, a fito da shi, akwai abin da ba daidai ba. Robar ƙura ta zauna a bakinta duka zagaye. Ita ce mai gadin komai, musamman da ƙurar hunturunmu.

Oga Sufana: Wanki fa Baba? Mu dai da fetur muke wankewa tun muna yara, ban ga abin da ya faru ba.

Injiniya a Jamus: Oga a nan kam zan saɓa maka. Robar birki irin da ake kira EPDM ce. Tana jure man birki, amma fetur, kalanzir, baƙin mai da giris na yau da kullum duk kumbura ta suke. Gwada da kanka, jefa tsohon sil a murfin fetur ka dawo da safe ka gwada mayar da shi kwarminsa. Wataƙila wasu daga kit ɗin da ka ce jabu ne, fetur ɗin da ya rage a kwarmi ne ya kashe su. In dole sai an wanke ƙarfen da fetur saboda datti, a busar da iska sosai, a bi da sifirit, sannan roba ta zo kusa. Fil ɗin zamiya ma akwai giris nasa na musamman da ba ya cin roba.

Oga Sufana: Zan gwada na murfin. In ya kumbura zan zo in faɗa a nan, in bai kumbura ba ma za ka ji ni.

Na Damagaram: Salamu alaikum, ku gafarce ni in shigo da tawa tunda malamai sun hallara. Mercedes 230E gare ni, samfurin W123. Gaba ta dama ta lalace, aka samo mini wata daga Yamai aka sa. Tun ran nan in na taka sai ta ja hagu. Da na duba, ta hagu ATE ce, wadda aka kawo Bendix. Mai gyara ya ce duk ɗaya ne.

Injiniya a Jamus: Wa alaikassalam Alhaji. Mercedes ta yi amfani da duka biyun a W123, kowacce mai kyau ce, amma ƙa'ida ita ce hagu da dama su zama kamfani ɗaya, kit ɗinsu ma ba ya shiga na juna. Sai dai kafin ka ɗora wa sunan laifi, ka sani taka ba irin ta Ɗan Gado ba ce. Ba ta zamewa, a kafe take, fistan biyu ne suna fuskantar juna. Wadda aka kawo ta daɗe a ajiye, zai yiwu ɗaya fistan ɗin ya kafe, ɗaya ne ke aiki. Mota kuma ɓangaren da ya fi kamawa take ja, ka ga ta ja hagu, dama ce mai rauni. A cire fad a taka a hankali a ga ko duka biyun suna motsi. In za a gyara, kada a kwance notocin da suka haɗa ɓari biyun, akwai ƙananan sil a tsakani da ba sa zuwa a yawancin kit.

Baba Kakuri: Kuma masu 504 mai faifai a baya su kiyaye, birkin hannu a cikin kalifar yake, ba a danne fistan ɗinta da ƙarfi kamar na gaba, ana lalata abin cikin. Ta Alhaji Na Damagaram ba ta da wannan, nata birkin hannun ƙananan takalma ne daban a cikin faifan.

Ɗan Gado: To jama'a ga inda aka kwana. An buɗe tsofaffin a gabana. Ta dama fistan ɗinta sumul, kwarmin ne cike da datti kamar yadda Baba ya faɗa. Ta hagu robar ƙurarta ta ƙone, fistan ɗin kuma yana da ramuka biyu daidai inda sil ke bi. Sababbin na mayar, da ƙyar aka karɓa aka cire wani abu a kuɗin. Tiyo an canza duka. Motar tana kan jak. Yanzu fistan ɗaya nake nema da kit na kirki. Wani ya ce mai juyi zai iya yanka mini sabo.

Baba Kakuri: In da ƙarfen da ba ya tsatsa zai yanka, kuma zai iya goge fuskar ta yi santsi sosai a kan awo daidai, to. In baƙin ƙarfe ne, damina ɗaya zai yi. Ni dai da za ka ji tawa, ka fara zagaya Panteka ko Ƙofar Ruwa da fistan ɗin a aljihu, ka sayi tsohuwar Bendix ko da jikinta ya fashe, a fitar da fistan a gabanka ka duba kafin ka biya. In an haɗa, a sa wa notocin kalifa maganin ɗaure zare, fad sabo hagu da dama tare, kuma ka taka birki ya cika kafin ka motsa daga gareji. Kwanakin farko ka bi shi a hankali har fad ya zauna.

Mai Shago: Ka turo mini lambar da ke jikin kalifar da awon fistan ta akwatin sirri. Akwai wani dattijo a layinmu da ya rage da kayan Peugeot, zan duba maka wurinsa ranar Asabar. Kit ɗin in na samu zan turo hoton kwalin nan Baba da Oga su gani kafin ka biya.

Na Damagaram: Injiniya an duba, fistan na ciki ne ba ya motsi ko kaɗan. Kit ɗin Bendix na W123 kuma babu shi a nan. Alhaji Mai Shago, in za ka wurin dattijon nan ka tambayar mini, akwai motar da ke zuwa Kano duk mako.